Ranar da Aka Amsa Kiran Vasemaca

Duk wanda ya san garinmu Levuka na bakin teku ya san muryar Vasemaca kafin fuskarta. Gidanta na katako yana tsakanin tsohuwar coci da kasuwa, nawa kuma manne da shi, don haka kunnuwana sun ga ta kansu. Da ta sauke tukunya sai ta leƙo taga ta kira duk mai wucewa ya zo a ci. Kowa ya yi godiya ya wuce, yadda aka saba. Ita kuwa ta yi ta tunƙaho, wai tun zamanin kakarta ba wanda ya taka gidansu ya fita da yunwa. Nakan ce, "Yaya Vase, ai kira kyauta ne."

Wata Asabar jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya tsaya. Sekove, taubashinta mai zagayawa da baƙi, ya kwaso Turawa cike da hanya. Ya nuna musu agogon coci, da filin da aka yi fareti zamanin gwamnan Turawa, da shagunan da suka girmi kakanninmu. Suna fitowa kasuwa Vase ta kwaɗa kiran nata. Wata tsohuwa mai jar hula ta tambayi me aka ce. Ja'irin ya fassara mata tsaf, bai ƙara da cewa godiya ake yi a wuce ba.

Sai ga su a ƙofa suna tuɓe takalma, baki har kunne. A tukunya kuwa ɗan kifi ne da guntun rogo.

Vase ta shimfiɗa tabarmi, ta sa Sekove ya ba su tarihin gidan, ta sulale ta baya ta same ni a jikin shinge, gumi sharkaf.

"Ƙanena, sunan kakata na hannunka."

"Yaya, ba ki ce musu kira kyauta ne ba?"

Ban rufe baki ba ta miƙo hannu ta kan shinge ta sure tukunyar gwazana da zafinta. Dariya ta kusa kayar da ni, amma na zuba da gudu ta bayan gidaje ina shela. Nan da nan tukwane suka riƙa tsallako shinge: kifi a madarar kwakwa, dafaffiyar ayaba, har mai shagon Indiyawa ta aiko da gurasa. Baƙi suna ganin kwano na bin kwano daga ɗan kicin ɗin nan, suna tafi. Mai jar hula har ta ɗauki hoton murhun.

Don ƙoshi, da ƙyar baƙin suka iya sunkuyawa su sa takalma. Sekove, da ya fi kowa ci, shi ya wanke tukwanen unguwa ya mayar gida-gida, Vase na tsaye a kansa da ludayi.

Har gobe Vase tana kiran nan nata. Sai dai ranar da jirgi ya tsaya, tun da safe take leƙowa ta shinge: "Ƙanena, yau me ka ɗora?"