Kwalaben Bubakar Hamma

Bubakar Hamma Kailu, an haife shi a 1934, a wata ruga kusa da Damana. Makiyayi ne ɗan makiyayi. Shekara guda bayan samun ƴancin kai, wani likitan dabbobi ya ɗauke shi aikin ƙidayar kaska a wani gandun daji da aka hana kiwo a cikinsa.

Yakan ja farin ƙyalle a kan ciyawa, duk kaskar da ta maƙale ya tsince ta ya jefa a kwalba. Bai yi lakwal ba, bai iya rubutu ba, saboda haka zare yake ɗaura wa kowace kwalba a wuya: fari na tudu, baƙi na fadama, ƙulle-ƙullen kuma su nuna wuri da wata. A rugarsu kuwa, duk wanda ya cire kaska daga jikin saniya wuta yake jefa ta. Mai ajiye ta, ba a yarda da nufinsa ba.

Da fari ya tsananta a 1973, ciyawa ta ƙare ko'ina sai cikin gandun. Wansa Ibrah ya koro shanun gidansu, ya tsaya a bakin iyaka.

"Yaya, in ya zama dole, ku tsaya kan tudu," in ji Bubakar. "Fadamar nan cike take da kaska mai zane a baya. Ita ce ke kashe saniya."

Ibrah ya ce, "Sarkin Kaska, gwamnati ce ke magana ko ƙanena? Me ke kan tudun? Ƙasa za su ci?"

Suka gangara fadama. Kafin mako uku shanun suka fara zagaya wuri ɗaya suna faɗuwa. Cikin shanu arba'in da biyu, shida suka fita da rai.

Ba wanda ya tuna gargaɗin, kwalaben aka tuna. Aka ce shi ya reni kaskar, ya sake ta don ya tsare wa gwamnati ciyawa. Ibrah bai ƙara sa hannu ƙwarya ɗaya da shi ba. Ranar kasuwar Filinge ma, in sun haɗu, sai ya kau da kai.

Burin Bubakar bai wuce a rubuta ma'anar zaren ba, a kai Yamai, takarda ta dawo ta shaida cewa kaskar tana fadamar tun kafin fari. Ya sami wani malami zai rubuta masa. Sau uku suna sa rana, malamin yana ɗagawa, sai a na huɗu suka fara.

Ya rasu a daminar 1975, sun tsaya a kwalba ta tara cikin ɗari da sittin. Sauran ya bar su jere a ɗakinsa, kowace da zarenta, ba mai iya karantawa.