Bugun Sama a Tsakar Gida

A kwance nake rubuto muku wannan, Maman Sani na gasa min ƙugu da ruwan zafi.

Jiya ɗana Sani ya nuna min wani tsohon bidiyo baƙi da fari: ɗan ƙwallon Amurka ta Kudu ne na zamanin kakanninmu. Wai ba takalmi ya fara, har ya zama kyaftin ɗin ƙasarsu. Ya tashi sama, ya kife, ya buga ta baya.

Na ce, "Wanga? A garinmu Barmu kullum nake yin shi, kafin makarantar lakwal ta gaji da ni."

Yaro ya ruga ya shaida wa 'yan ƙungiyarsu babansa zai koya musu ranar Lahadi. Na ce bari in gwada tun ba kowa.

Na tashi. Balo, wato ƙwallon, ya wuce, takalmina ya faɗa gidan maƙwabta, ni kuma na sauka kan shanyar kuɓewa.

Maman Sani ta ce, "Malam, shi kan ciyawa ya hwaɗi, kuma da ƙuruciyarshi. Kai hwa?"

Na ce, "Tashin dai ya yi kyau, ki faɗi gaskiya."

Sani bai sani ba, kuma ba zan kunyata shi ba. Lahadi zan je fili ko da sanda. Iyaye, wa ya san yadda ake koyar da abin nan da baki kawai?