Kwanon Baba Kuku

A duk unguwar, Baba Kuku ake ce masa, har jikokinsa in sun kira shi a waya. Tun yana saurayi wani kamfanin 'yan China mai gina hanyoyi ya ɗauke shi wanke-wanke a sansaninsu. Daga wankin tukunya ya koma yankan albasa, wata rana mai girkinsu ya yi zuciya ya tafi, aka miƙa masa ludayi. Bai ajiye ba sai da furfura ta cinye masa kai, aikin hanya ya ƙare, kamfani ya tattara motocinsa ya koma gida.

Girki kam ya iya shi, amma ba shi kaɗai ya kwaso daga wurinsu ba. Akwai wani tsohon injiniya, gajere, mai yawan tari, wanda ya ga bai dace mai dafa abinci ya riƙa ci a bayan kicin ba. Ya jawo shi teburinsu, wani zagayayyen tebur mai faifan gilashi a tsakiya, ana jera abinci a kai ana juyawa. Kuku ya kai hannu zai zuba wa kansa, tsohon ya ƙwale masa yatsu da siririyar sandar da suke cin abinci da ita. Ya ɗauko tsokar kifi ya saka masa a kwano, sannan ya turo masa nasa kwanon. Ko duk mutanen ƙasarsu haka suke yi, ko tsirfar tsohon ce kawai, Kuku bai taɓa tambaya ba. Ya dai riƙe abin: ba ka zuba wa kanka, ka zuba wa na kusa da kai, shi kuma ya zuba maka.

Da ya kai wannan doka gida, matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai da kinibibi! Hannun naka ciwo yake yi?"

Amma ta zuba. Ta yi ta zubawa har suka aurar da 'ya'yansu. Ko ranar da suka yi faɗa ba ta fasawa, sai dai ta dangwara masa wuyan kaza ba tare da ta kalle shi ba, shi kuma ya zaɓo cinya ya saka mata. Yawanci a nan faɗan yake mutuwa.

Bara ta rasu. Ɗansa yana aiki a wani gari mai nisa, 'yarsa tana wata ƙasa da mijinta. Suna kira, suna tambaya ko yana cin abinci, ya ce yana ci. Ba ƙarya yake yi ba. Yana ci, amma a tsaye, a kicin, daga cikin tukunya. Kwanonsa na nan kife a kan kantar kicin, don ya kasa zuba wa kansa. Kaɗaici ya ishe shi, ba kuma wanda zai gaya wa irin wannan magana bai ɗauke shi taɓaɓɓe ba.

Sai aka buɗe gidan abincin China a babban titi, aka kafa allo cewa akwai abincin rana kala-kala. Baba Kuku ya yi kwanaki yana wucewa ta wurin. A lissafinsa, inda duk aka ce China, akwai zagayayyen tebur, kuma inda akwai teburin nan, ba a rasa wanda zai saka maka loma a kwano. Ya goge farar rigarsa, ya yi aski, yana tafe yana bitar 'yar gaisuwar da ta rage masa ta yarensu.

Gaisuwar ba ta samu mai amsawa ba, don ko ɗan China ɗaya bai gani ba. Gilashi ne ta ko'ina, fitilu na reto daga sama, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Wata ma'aikaciya mai baƙaƙen kayan aiki ta tare shi.

"Sannu da zuwa, Baba. Ku nawa ne?"

"Ni kaɗai ne, 'yata. Amma ai za a taru."

Ta yi murmushin da ake yi wa tsofaffi. "To, ga faranti can. Ɗebi-da-kanka ne, duk abin da kake so."

Ya bi layin manyan tasoshin ƙarfe yana ɗaga murafe, ransa na ɓaci. Shinkafar ta sandare. Taliyar ta manne wuri ɗaya, in ka ɗaga sai ta taso gaba ɗayanta. Kazar an lulluɓe ta da wata jar miya mai ƙyalli, ya ɗanɗana a bayan hannu, ya ji zaƙi kamar alewar yara. Ganyen kuwa an dafe shi har ya mutu murus. Da tsohon injiniya ne aka kawo wa wannan, da sai tari ya sarƙe shi don takaici. Baba Kuku ya yi tsaki, amma bai juya ba. Ai ba daɗin baki ya kawo shi ba.

Can ƙurya ya hango abin da yake nema: zagayayyen tebur da faifansa, ba kowa. Ya yi ta zarya yana kai abinci faranti-faranti, yana jerawa a kan faifan. Ya kwaso ƙananan kwanuka daga inda aka tara su, ya ajiye ɗaya gaban kowace kujera, ɗaya gabansa. Ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Wurin ya cika da ma'aikatan ofis. Kowa ya tula farantinsa, ya nemi ƙaramin tebur jikin bango, cokali a dama, waya a hagu. Wani mai kwat da ɗaurin wuya irin na Turawa ya zo wucewa.

"Ɗana, ga wuri," in ji Baba Kuku. "Zo mu ci."

"Na gode, Baba, sauri nake yi."

Ya yi wa wata mata tayi, ashe kunnuwanta a toshe suke da abin sauraron waya. Ya daina kira. Sai ya ɗauki sanduna ya fara zubawa: kifi a wannan kwano, kaza a wancan, ko da wani zai zauna ya tarar an riga an yi masa. Yatsunsa ba su manta ba, ko ƙwayar shinkafa bai zubar ba.

Ma'aikaciyar ta dawo, ta dubi teburin. "Baba, baƙin naka ba su iso ba?"

Ya zaɓo tsokar da ta fi dama-dama, ya saka a kwanon da ke kusa da shi, ya ja mata kujera. "Zauna, 'yata. Loma ɗaya."

"Wallahi an hana mu zama, ga manaja can yana kallo." Ta rage murya. "Ka ci mana, Baba, zai huce."

"Ai a huce na same shi."

Ta yi dariya, shi ma ya yi. Ya buɗe baki zai ce mata ba sai ta zauna ba, ta dai ɗauki cokali ta saka masa ko ganyen nan ne. Maganar ta zo har leɓe, kunya ta mayar da ita. Yaya dattijo da hannuwansa biyu zai roƙi sa'ar 'yar cikinsa ta zuba masa abinci? Kafin ya sake shawara an kira ta daga wani tebur.

Mutane suka ragu. Aka fara kwashe tasoshin ƙarfe ana shiga da su ciki. Ya tura faifan da yatsa, abincin ya zagaya kujerun nan ɗaya bayan ɗaya, ya dawo gabansa ya tsaya.

Da ta zo kwashe teburin, ta bi kwanukan tana juye abin da ke ciki a bokiti, tana tara su don wanki. Ta zo kan nasa, ta ɗaga, ta duba cikinsa.

"Wannan ma ba a taɓa shi ba," in ji ta.

Ta kai shi ta kife a kan masu tsabta.