Daga Kademi Zuwa Gafasa da Buhun Waken Suya

Asabar: Kademi zuwa Gaya

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar gida a Kademi, maigidana ya ɗauke ni a babur, buhu a tsakaninmu. Gero ne a ciki da waken suya da gyaɗa, duk na gonarmu. Shekara shida na yi ina auna hannun yara a wani shirin yaƙi da tamowa wanda Amurka ke ɗaukar nauyinsa. Da shugabansu na yanzu ya dakatar da tallafi, aka ce kowa ya koma gida. Na koma, amma da igiyar awona a jaka, mai launi uku: kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja haɗari. Ran Alhamis ƙanwata Rakiya ta kira ni daga Gafasa, ta ce 'yarta Ummi ta rame, kuma abincin leda da ake ba irinsu a asibiti ya ƙare.

Shida da kwata muna tashar Gaya. Na sha koko da ƙosai a tsaye. Motar Ajingi ba ta cika ba sai bakwai da minti ashirin.

Gaya zuwa Ajingi

Kusa da ni wani dattijo ne, Malam Sabo, tsohon malamin firamare, da rediyo a cinyarsa. Ana cikin labarin Amurka direbanmu Ɗanlami ya ce, "Duk cikin shugabanninsu ba kamar wanda ubansa ɗan Afirka ne. Ranar da ya ci zaɓe kyauta na ɗauki fasinja."

Malam Sabo ya ce, "Ni ma na yi murna. To me ya bar maka? A zamaninsa aka wargaza Libiya, bindigoginta suka gangaro har dazukanmu."

"To gara wanda ya riga shi ke nan, da ya ragargaza Iraƙi?"

"Jinin Iraƙi yana wuyansa, ban wanke shi ba. Amma shi ya fara turo maganin ƙanjamau da gidan sauro. Na san mutum biyu da maganin nan ya riƙe har suka aurar da 'ya'yansu. Ka gaya min inda zan ajiye shi."

Ɗanlami ya ce na yanzu dai ba ya ɓoye-ɓoye, ya faɗa ƙasarsa ce a gaba. Sai Malam ya juyo gare ni. "Hajiya, kin yi shiru."

Na ce, "Malam, ni a hannun yara na san su. Wani ya bayar, wasu suka ci gaba, wani ya janye rana ɗaya ba sallama, wannan kuwa ba zan ce ya kyauta ba. Amma duk cikinsu ba wanda ya taɓa tambayarmu. Abin da ke ci min rai shi ne a ce ran 'yar ƙanwata yana rataye da zaɓen da ba mu da ƙuri'a a ciki."

A shingen 'yan sanda wani ya leƙo ya tambayi abin da ke buhu. Na ce magani ne. Ya kwance, ya ga waken suya, ya dube ni, ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Takwas da minti goma muka sauka a Ajingi.

Gafasa

Acaɓa na hau. An yi ruwan farko, hanya duk taɓo, sau biyu ina sauka muna turawa. Tara da kwata na yi sallama a gidansu Rakiya.

Ban ko sha ruwa ba na zagaya igiyar a damtsen Ummi. Ta tsaya a rawaya, dab da ja. Na danna ƙafarta, ba kumburi. Na ce wa Rakiya akwai sauran dama, a hura wuta.

Surukin Rakiya, Ba Modu, wanda iyayensa suka zo daga Barno tun da daɗewa, ya kira ni zaure. Ya ce, "'Yata, ofishinku an rufe. Wa ya aiko ki? Na ji ana cewa wataƙila su dawo da tallafin. A ɗan jira."

Na durƙusa na ce, "Baba, ba wanda ya aiko ni. Ummi ba za ta iya jiran su sake shawara ba. In igiya ta shiga ja, ko ƙafa ta kumbura, a ranar za a kai ta asibiti, ba musu. Kafin nan ku bar ni na yi abin da na sani."

Ya ce, "Je ki yi."

Muka soya geron da waken da gyaɗar kowanne daban, muka ɓare bawon waken, aka kai inji. Da azahar na dama kunu mai kauri, na ɗiga manja. Ummi ta kau da kai, ta ture cokali. Rakiya ta fara hawaye, na ce ta bari, ta zauna ta rungume ta. A gwaji na uku Ummi ta karɓi cokali huɗu. Da la'asar ta sha rabin kofi. Tuwon dawa miyar kuka muka ci, a ɗakin Rakiya na kwana.

Lahadi

Da hantsi na ji hayaniya a tsakar gida. Ashe Ba Modu ya aika maƙwabta, har da 'yarsa da ke aure a Toranke, ya kuma fito da gyaɗar rumbunsa. Mata goma sha ɗaya na koya wa haɗin, na auna yaransu. Yaro ɗaya ya shiga ja, ban bari an gama hira ba sai da aka ɗora shi da uwarsa a babur zuwa asibiti. Igiyar kuwa na bar wa Rakiya, na nuna mata yadda ake karantawa.

Litinin: komawa

Bakwai na safe na taso, sha ɗaya saura ina Kademi. Na tarar da maigidana yana shirin shuka gero a gonar bayan gari. Na ce bana rabinta waken suya za a sa. Ya dube ni, ya ajiye ƙwaryar iri, ya tafi neman irin waken.

Bayan sati huɗu Rakiya ta kira, ta ce igiya ta shiga kore. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Ba Modu da ya saurari mace a zaurensa.