Oba-oba Mai Layi Fuɗu

Tun ina yaro ba a barin abu mai murfi kusa da ni. Na tsufa ban daina ba, shi ya sa na mayar da garinmu kurma ana tsakiyar yankan gero.

Ƙauyenmu can bayan Fakku yake, inda waya ba ta samun sabis sai ka hau tudu ka ɗaga hannu kamar mai rantsuwa. Da ɓarayin daji sunka matsa, sojojin da ke zaune Kebbe sunka ba mu oba-oba guda, rediyon hannun nan da ake dannawa a yi magana, don in mun ga motsi mu kira su. Mai gari ya ce ni zan riƙe, wai na taɓa gyaran rediyo a kasuwar Tambuwal. Na dai zauna rumfar mai gyaran, wannan gaskiya ne. Gyaran nawa kuwa mari ne da shanya batir a rana.

Wanda ya kawo ta, wani kofur dogo mai Hausar bariki, ya zaunar da ni.

"Baba, gyaran kayanmu layi-layi ne. Kai ne layin farko: ka goge ta, ka yi cajin batir da sola, ka duba eriya. In ta ƙi, layi na biyu yana Kebbe, ni ke nan. Abin da ya fi ƙarfina sai na uku, Sakkwato."

Ya ce akwai na huɗu, wanda ko shi bai taɓa gani ba. Ya ƙara da cewa wani gyaran tun abu bai lalace ba ake yin shi. Nan kaina ya ɗaure. Mai lafiya za a kai asibiti? Na dai yi ta cewa "Awo, awo," don mutane na kallo.

Ni layi biyu na sani a duniya, na karɓar taki da wanda ake sa wa waya. Ban ga taki tare da ita ba. Sai na yanke cewa layi fuɗu ne a cikinta, kamar waya mai layi biyu, amma ta soja.

Ta yi mana aiki har gero ya nuna. Wata safiya na danna, sai shuuu kawai, kamar ana zuba tsaba a buhu. Na goge ta. Na mare ta kaɗan, cikin girmamawa. Sai na ce, ai layin farko ne ya mutu, mi zai kai ni Kebbe alhali na biyu na nan ciki? Na ɗauko 'yar wuƙa. Kusoshin an shafa musu jan fenti, na zaci ado ne. Na buɗe, na duba sama da ƙasa, ban ga layi ko ɗaya ba. Wata baƙar roba ta faɗo, wata siririyar waya ta biyo wuƙar.

Na ƙulle ta a leda na hau kabu-kabu zuwa Kebbe. Kofur ya zazzage ledar, ya dubi kayan.

"Baba, wa ya yi mata fiɗa?"

"Layi nika biɗa, ɗana."

Ya ɗaga batirin ya nuna mini bakinsa, ya yi tsatsa. "Wannan ne kawai ciwonta. Tsumma zai warkar da ita, aikinka ne. Yanzu ka karya fentin da ke shaidar ba a buɗe ta ba, ni ma ba ni da izinin taɓa ta."

"Kai da ka fi ni?"

"Da layi ɗaya na fi ka, shi ma ka tsallake."

Na tambaya ko akwai wata a ba mu aro. Babu, kowace na hannun wani gari. Yaushe tamu za ta dawo daga Sakkwato?

"Sai ta bi layi."

To ga shi, ashe har na takin yana ciki. Har yau ban san ko mutum ne layin ba, ko wuri, ko jira.

Da la'asar na iso gida hannu sake, na iske mutane ƙofar mai gari. Na fara bayanin layi-layi, na kai na uku na ɓace. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi damuna ke nan. Maƙwabcina, wanda gonarsa ce ta ƙarshe kafin daji, geronsa kwance ba a ɗaure ba, ya bari na gama sannan ya ce:

"Yaya, ni ban gane ko ɗaya ba. Gobe in tai gona, ko in zamna gida?"