Burtalin da Yaya Idi ya ƙi sa wa hannu

Damina ashirin da ɗaya ke nan da muka binne yayana Malam Idi. Har yau mutanen ƙauyenmu, can tsakanin Tsanyawa da Shanono, Kansila suke ce masa, alhali sau ɗaya ya hau kujerar, kuma bai sauka da daɗi ba.

An zaɓe shi ne a farkon dawowar mulkin farar hula, lokacin da sojoji suka koma bariki muka ɗauka shi ke nan duniya ta gyaru. Manomi ne mai ɗan ilimin boko, a kan keke yake zuwa sakatariya. Mu kuwa 'yan'uwa har mun fara ɗinka manyan riguna.

Ƙasarmu a cike take, gona na jikin gona. Abin da ya rage ba mai shi sai burtali, wato hanyar da kakanninmu suka bar wa shanu su bi zuwa mashaya ba tare da sun taka shukar kowa ba. Shi manyan jam'iyya suka ƙyalla ido suka gani. Suka ce a yanka shi a raba wa waɗanda suka sha wahalar kamfe, sa hannun kansila kawai ake jira.

Ina zaurensa ranar da suka kawo takardar. Jagoransu ya ce, "Kansila, ƙuri'a nawa Fulanin nan suka ba ka?"

Yaya ya ce, "Alhaji, to shanun sama za su tashi? Ranar da kuka toshe hanyar nan ta gonakinku za su bi, kuma sai an zubar da jini." Ya miƙa masa takardarsa ya ce a gai da gida.

Ba su yafe masa ba. Takin gwamnati ya daina zuwa mazaɓarmu, aka baza cewa taurin kan Idi ne ya jawo. Mutanen da ya sha taya su noma suka daina amsa sallamarsa. Zaɓe na gaba ko takara ba a bar shi ya tsaya ba, wanda ya gaje shi kuwa a makon farko ya rattaba hannu.

Da Yaya zai leƙo yau, me zai gani? Kowace kaka sai an yi rigima da makiyaya. Bara aka sari ɗan maƙwabcinmu a kafaɗa saboda shanu sun faɗa wake. Su kuwa waɗanda suka raba burtalin, sun canza jam'iyya ba adadi, yanzu su ne kwamitin sulhu. Suna zama kan kujerun roba suna shan lemo, suna yi mana wa'azin haƙuri da juna. Wallahi in na gan su kau da kai nake yi.

Wani abu ɗaya nasa ya saura. Inda burtalin ya ratsa ta gefen gonarsa, an ce ya haɗa da tasa ya ƙi, ya kuma yi wa 'ya'yansa wasiyya kada su sa masa garma. Sun riƙe wasiyyar. Yana nan, 'yar siririyar hanya cike da ciyawa, ba saniyar da ke iya isa gare ta don an toshe ta gaba da baya. Ta gabas gonar Alhajin da ya kawo takardar ce. Ta yamma kuwa gerona ne.

Yaya yana raye na karɓi rabona na burtalin, na ce iyali sun yi yawa. Har ya koma ga Allah bai taɓa yi mini maganar ba. Allah Ya jiƙan Yaya Idi. Ni dai ban san da wane ido zan dube shi ba.