Kowa Ya Ga Mahaifina a Talla, Ban da Ni

Lokacin da wannan abu ya same ni, ni malamin firamare ne a Rano, da mata ɗaya da 'ya'ya biyu. A cikin abokan aikina ni ake miƙo wa waya in ta rikice, shi ya sa nake ɗaukar kaina gwani. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, malami ne a wani ƙauye ta wajen Kibiya. Ba a san shi a birni ba, amma a yankinmu in ya ce abu kaza ne, magana ta ƙare. Kullum bayan La'asar yakan shimfiɗa buzunsa a gindin mangwaron ƙofar gida, ya yi wa waɗanda suka taso daga gona 'yar nasiha kan iyakar gona, haƙƙin maƙwabci, ko tausayin dabba. Duk ranar da na je gida sai in jingina wayata da buta in ɗauke shi, in ɗora a wani dandalin bidiyo. Da fari bai so ba. Sai da na ce masa tsofaffin ɗalibansa da neman abinci ya kai Kudu ne za su amfana, sannan ya ƙyale ni.

Abin da ya dame ni shi ne talla. Kafin Malam ya buɗe baki sai an sako tallar caca ko ta man bilicin, ga cin data. Ana nan wani ya turo wata manhaja a zaurenmu na waya, ya ce tana toshe talla gaba ɗaya, kuma kyauta ce. Ba a rumbun manhajoji na waya take ba, sai ka bi wani adireshi. Da na sauke ta, ta nemi imel ɗina da kalmar sirri, ta nemi izinin shiga hotunana da bidiyona. Akwai dogon rubutu da Turanci, ban karanta ko layi ɗaya ba, na danna na yarda. Ta kuwa yi aiki. Daga ranar ban sake ganin talla ba. Har kuri nake yi. Ban tsaya na yi tunanin cewa idona kaɗai aka rufe ba, sauran duniya tana nan tana kallo.

Da damina Malam ya kwanta ciwo. Kwana biyu kafin ya cika na ɗauke shi bidiyo a kan gadonsa, ya rame, an lulluɓe shi da farin mayafi, yana numfashi da ƙyar. Niyyata in tura wa yayana da ke nesa, amma da na kalla sai na kasa. Ban tura wa kowa ba. Ko matata ba ta san da shi ba.

Bayan rasuwar da wajen wata biyar sai na fara jin wasu maganganu. A kasuwar Rano wani mai sayar da hatsi ya riƙe hannuna yana sa wa Malam albarka, wai ya tafi ya bar wa jama'a magani. Na ɗauka nasiharsa yake nufi, na ce amin. Bayan kwana biyu wani dattijo ya taso a kan keke tun daga Zinyau har makarantarmu, yana tambaya ko a wurina ake samun kwalbar, don wadda ya aika aka kawo masa ta ƙare. Na ce wace kwalba? Ya dube ni kamar ina yi masa rowa. Na duba shafina, na bi bidiyon ɗaya bayan ɗaya, babu komai sai nasiha. Sai ranar Asabar da na je gida na tarar da mahaifiyata zaune a tsakar gida. Ta ce da hantsi tana daka ta ji muryar Malam ta bayan katanga, daga gidan maƙwabta, sai da taɓarya ta suɓuce mata. Ta ce ba muryar ce ta tayar mata da hankali ba, ai ta saba jin ana kunna nasiharsa. Abin da ya faɗa ne. Yana yi wa mutane barka da shigowar azumin bana, azumin da bai riska ba. Ta tambaye ni yaushe ya faɗi haka.

Ranar Litinin lokacin tara na ari wayar wata malama, na buɗe shafina a ciki don in ga abin da mutane ke gani. Talla ta biyu da ta fito, sai ga mahaifina. Buzun nan ne, mangwaron nan ne, shuɗiyar rigarsa ce, har zakaran da ya gifta ta bayansa na gane shi, don ni na ɗauki bidiyon. A na gaskiyar yana magana ne kan wanda ya ci iyakar gonar maraya. A nan kuwa bakinsa yana motsi da wasu kalmomi dabam, da muryarsa sak, har ɗan fiton da yake yi saboda wawulonsa. Yana cewa duk mai ciwon sukari ya ajiye ƙwayoyin asibiti ya nemi wannan kwalba. Abu ɗaya na lura: Malam ba ya minti guda bai yi gyaran murya ba, wannan kuwa bai yi ko sau ɗaya ba, kuma idonsa ba ya barin kaina. Sai hoton ya canja. Ga shi kwance cikin farin mayafi yana numfashi da ƙyar, muryar tana cewa haka yake kafin ya sha maganin. Bidiyon da babu wanda ya taɓa gani sai ni. Na miƙa wa malamar wayarta.

Daga nan ƙauyen Nariya na nufa, don na tuna goggona da ke can, ƙanwar Malam, ta shekara goma tana fama da sukari. Na same ta a kwance, ƙafarta ta kumbura, ga kwalabe uku a gefen tabarma. Wata biyu ke nan da ta daina shan maganin asibiti. Da na ce mata ba Malam ba ne, sai ta yi fushi. Ta ce ciki ɗaya suka fito, za a koya mata muryar yayanta ne? Da ƙyar muka lallashe ta muka kai ta asibiti. An ceto ranta, amma an cire mata yatsu biyu na ƙafa, yau da sanda take tafiya. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Na goge manhajar, na canja kalmar sirri, na kai ƙara ga masu dandalin. Amsar farko ta ce ba su ga abin da ya saɓa wa ƙa'idarsu ba. Da na sake rubutawa, sai aka ce mutumin da ke cikin bidiyon ya turo shaidarsa da kansa. Na rubuta cewa ya rasu. Da na dage aka sauke tallar, bayan mako guda ta dawo da sunan wani shafi. Ana cikin haka aka rufe nawa shafin, wai wasu sun yi ƙorafin cewa bidiyonsu nake kwafa. Nasihar Malam ta gaskiya ta ɓace daga dandalin, ta ƙaryar tana nan tana yawo. Abin da ya rage mini shi ne bin masallatan Juma'a, daga Yalwa zuwa Kibiya, ina roƙon liman ya ba ni minti biyu in tsaya gaban mutanen da suka girmama mahaifina in ce kada su yarda da muryarsa.

Na rubuto ne ba don a tausaya mini ba. Ban saci komai ba, ban yi nufin cutar da kowa ba, ƙyuyar karanta shafi guda da son abin kyauta ne suka ja mini. Duk manhajar da ta nemi kalmar sirrinka da izinin shiga hotunanka, ka tambayi kanka me za ta yi da su, in ba ka gane ba ka bar ta. Masu ɗaukar iyayensu da malamansu suna ɗorawa, ku riƙa duba shafinku a wayar wani, ku ga abin da jama'a ke gani. In kuma kun ji wani babba da kuka yarda da shi yana tallar magani a waya, ku je ku tambayi iyalinsa kafin ku ajiye na asibiti. Mai rai in an yi masa ƙarya zai fito ya kare kansa. Mahaifina yana kwance a maƙabartar ƙauyenmu, ba zai iya tashi ya ce ba shi ya faɗa ba.